Lambar Makka da Goggo Ta Hana Ni Cirewa

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya nufe ni da sauke farali, na dawo Garwa da tari irin na alhazai, da haƙorin Makka guda wanda matata ta ce ya mayar da ni kamar dillalin tsofaffin babura, da kuma wata lambar waya da ta kusa raba ni da Goggona.

Ga yadda aka yi. Tsohuwar wayata ba ta ga Arfa ba. Tun a Madina ta sulale daga aljihuna ta faɗa cikin ruwan alwala, ta yi wankan da ba ta ƙara tashi ba. Na shiga wani shago na sayi sabuwa, mai shagon ya sa mini layin ƙasarsu, wanda mu a nan muke ce wa pus, ya buɗe mini koriyar manhajar hirar nan da kowa ya sani da wannan sabuwar lamba. Ni ko tambaya ban yi ba. Ina murna waya tana sheƙi. A nan take na buɗe zauren dangi, na zuba kowa a ciki, tun daga na Garwa har na Collire da na Marwa, don in riƙa tura musu hotunana. Na tura hotona da harami, na tura hotona da raƙumi, na tura wani ina kallon sama kamar wanda aka yi wa albishir. Kuma ni kaɗai ne mai makullin zauren, wato admin. Ƙanena ya roƙe ni in ba shi shi ma, na ce masa ya bari sai ya je Makka tukuna. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Da na iso gida a unguwarmu ta Pumpumre na cire layin can, na mayar da na Kamaru. Amma manhajar ba ta damu ba, ta ci gaba da aiki da lambar Saudiyya. Duk wanda na aika wa saƙo, lambar ƙasa mai tsarki yake gani. Ba zan ɓoye muku ba, da farko abin ya yi mini daɗi. Ina zaune a shagona na kayan babur, gumi yana bin bayana kamar an buɗe famfo, sai saƙo ya shigo: "Alhaji, a sa mu a addu'a a gaban Ɗaki." In amsa da "Allah ya karɓa," in ci gaba da cinikin sarƙa da fulogi. Ai ban yi ƙarya ba. Kuma zafin Garwa da na Makka uwarsu ɗaya, ko jikina bai san na dawo ba.

Daɗin bai daɗe ba.

Kun san al'adarmu: wanda ya dawo daga Makka ba ya tarbar mutane hannu rabbana. Ko dabino ne, ko tasbaha, ko kurɓin zamzam. To ni sai na zama mutumin da kullum jiya ya dawo. Mutum zai ga lambata da safe, ya haɗu da ni a kasuwa da yamma, ya rungume ni yana cewa, "Kai! Alhaji, saukar yaushe? An koma Umra ke nan ba ko sallama? Ina tsarabata?" In na ce ban je ko'ina ba, sai ya yi mini wani kallo, irin wanda ake yi wa marowacin da ya ƙara da ƙarya. Wallahi sai da na koma sayen dabino a babbar kasuwa ina ɓoyewa a ƙarƙashin kanta. Akwai wani maƙwabcina da ya ci tsarabar dawowata har ya yi ƙiba. Wata 'yar'uwa daga Marwa ta aiko mini da hoton abaya da awon kafaɗarta. Wani abokin ciniki ya yi suna bai gayyace ni ba, da na yi ƙorafi ya ce, "To ai ba ka ƙasar." Alhali a ranar sunan ni na sayar masa da birki.

Matata ce ta fara gajiya. Ta ce, "Alhaji, don girman Allah ka cire lambar nan. Jiya matar liman ta zo yi mini jajen kaɗaici, kana kwance a ɗaka kana minshari."

Ina da wani aboki ɗan Kuseri, ɗan kasuwa ne mai tsallaka gada zuwa Njamena kamar yadda nake tsallaka titi. Layukan waya a aljihunsa sun fi haƙoran bakinsa yawa. Wata rana ya sauka a shagona, ya karɓi wayar ya duba, ya girgiza kai.

Ya ce, "Alhaji, kana wasa da wuta. Layin da aka daina amfani da shi, kamfani ba ya binne shi, sayar wa wani yake yi. Ranar da wani ya saye shi ya buɗe manhajar nan, kai an kore ka ke nan. Shi zai zauna a kujerarka, a zaurenka, cikin matanku da 'ya'yanku."

Na ce, "To yaya ake cirewa? Sai na koma can?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya nuna mini: ka shiga nan, ka taɓa nan, wurin da aka ce canja lamba, ka rubuta tsohuwar a sama, sabuwar a ƙasa, su turo maka lambobin tabbatarwa a layinka na gida, shi ke nan. Hirarka tana nan, zaurenka yana nan. Ya ce, "Kafin shayin nan ya huce an gama."

Har na ɗora yatsa. Sai ya ƙara da cewa, "Kowa zai ga sanarwa cewa ka canja lamba." Sai na janye yatsan. Na ce bari in fara gaya wa Goggo, kada ta ji a sama.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta raine ni tun ina yawo ba wando, bayan rasuwar mahaifiyata. Tana Collire a wurin 'yarta, wadda nake ce wa ƙanwata, ita ce mai riƙe mata waya. Goggo ba ta taɓa zuwa Makka ba. Lokacin da take da ƙafa babu hali, lokacin da halin ya samu gwiwoyi da idanu sun ce ba su yarda ba. Kuma Goggo tana da wata baiwa: in ta yi fushi da mutum, ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, sai dai kawai ta daina ganinsa. Akwai wani bappanmu da ya sayar da saniyar da ta ce kada a sayar. Ya zo gaishe ta ya durƙusa a gabanta, ta dubi ƙanwata ta ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe, iska tana shigowa?" Har gemunsa ya yi fari yana nan a matsayin iska. Ni duk duniya babu abin da nake tsoro kamar in zama iska a wurin Goggo.

Tun ina Makka Goggo ta ɗauki wata ɗabi'a. Kowace Juma'a da hantsi za ta sa ƙanwata ta danna mata wayar, ta aiko mini da saƙon murya mai tsawon hanyar Ngawundere. Addu'a ce zalla. Ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya, da masu neman haihuwa, da masu neman miji, da wanda ciwon suga ya kama, da wanda ya ƙi karatu, ta gangaro kan shanu, ta rufe da ruwan sama. Ni kuma in amsa mata, "Amin Goggo, ya iso." Na ɗauka ƙauna ce kawai ta tsohuwa da ɗanta. Ban san akwai lissafi a ciki ba.

Da na kira na gaya mata zan cire lambar, sai ta ce, "Wace lambar?"

"Ta Makkar nan, Goggo. Ta tsufa, ba ta da amfani."

"Ni ma na tsufa."

"A'a Goggo, ba haka nake nufi ba."

"To saurara. Ni ƙafata ba ta je ba. Amma duk Juma'a muryata tana zuwa. In na yi magana a wayar nan, sai ta tafi Makka tukuna, tunda lambar can ce, sannan ta juyo ta same ka a Garwa. Shi ne za ka toshe mini?"

Na ce, "Goggo, wallahi ba ta zuwa. Daga Collire sai Garwa. Layin ma ban san inda na jefa shi ba."

Ta ce, "Kai ka raka ta ka gani?"



Ta ƙara da cewa, "Ranar da ka cire lambar nan, ka haɗa da ni ka cire." Ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Jama'a, aikin da aka ce kafin shayi ya huce an gama, shi ne ya ci mini damina da rani da wata daminar. Babu dabarar da ban yi ba. Na ɗauki mota na tafi Collire da kaina, a kan hanyar da ta sauya wa ƙodata wuri da hantata, na kai mata atamfa da zuma, na zauna na yi bayani da kara ina zane a ƙasa: nan Collire, nan Garwa, can Makka, dubi nisa. Ta saurara tsaf, ta ce zumar ta yi kyau. Na roƙi ƙanwata mu yi abin a ɓoye, ta bar sunana yadda yake a wayar, Goggo ai ba ta gani sosai. Ta ce, "Yaya, ni da ita muke kwana ɗaki ɗaya. Duk Juma'a sai ta sa na karanta mata lambar da baki kafin ta fara. In kana son zama iska, ka zama kai kaɗai."

Daga nan na kai ƙara wurin malaminmu na unguwa, mutum mai natsuwa wanda ya karantar da rabin Pumpumre. Na gayyato shi gida, na haɗa masa shayi. Ya ce lallai babu wannan a addini, Allah yana jin bawansa daga ko'ina, ko daga ƙarƙashin gado. Na ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ga ta, gaya mata." Na kira na sa a bayyane. Malam ya yi sallama, ya yi bayani mai daɗi, har ni na kusa kuka.

Goggo ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma na yarda Allah yana ji daga ko'ina. Amma in tambaye ka. Kai da ka tashi tafiya hajji, mutane ba su ba ka sallahun gaisuwa da addu'a ba?"

"Sun bayar, Hajiya."

"Ba Hajiya ba ce, abin da ake magana a kai ke nan. Ka ce musu su riƙe kayansu, Allah yana ji daga gida?"

Malam ya yi gyaran murya. Ya ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da kyau. Bayan na kashe wayar ya dube ni ya ce, "Alhaji, iyaye sai da lallashi. Ka bi ta a hankali." Ya sa takalmansa ya tafi, ko shayin bai ƙarasa ba.

Haka na haƙura. Abokina ɗan Kuseri duk zuwan da zai yi sai ya tambaya, "An cire?" In ce, "Ana kan shawara." Ya ce ko sulhun ƙasa da ƙasa bai kai wannan ba.

Sai ranar wata Alhamis. Ina shago da rana tsaka, wani ɗan acaɓa yana yi mini gardama a kan taya, na ɗauko waya in nuna masa hoton irinta. Manhajar ta buɗe da wani fari fat, da rubutu cewa an yi rajistar wannan lamba a wata wayar. In ina son dawowa, za su tura lambobin tabbatarwa zuwa layin. Wane layi? Layin Makka.

Na bar ɗan acaɓa da tayarsa, na hau babur sai gida. Muka kife gidan nan ni da matata. Akwatin hajji, aljihun jallabiya, cikin Alƙur'ani, gwangwanin turare, har tukunyar da ba a taɓa dafa komai a cikinta ba. Daga ƙarshe muka same shi a aljihun bel ɗin harami, tare da wani busasshen dabino. Na goge shi da bakin riga, na yi bisimilla, na sa a waya. Ko tari bai yi ba. Dabinon ya fi shi rai.

Sai matata ta ce, "Alhaji, zo ka ga kanka."

Ta miƙo mini wayarta. A zauren dangi, a wurin da hotona yake da rawani da haƙorin Makka, yanzu wani bawan Allah ne siriri mai gashin baki kamar tsintsiya, yana tsaye a bayan manyan butocin shayi yana murmushi. A gefen lambar an rubuta admin. Dangi kuwa sun riga sun fara. Wata inna ta rubuta, "Alhaji ya rame, lafiya?" Wani ya ce, "Ya yi haske dai, Makka ta karɓe shi." Bappan nan da ya zama iska ya ce shi tun da can bai yarda da gemuna ba. Shi kuma baƙon, da ya ga saƙonni suna ta zubowa cikin harshen da bai sani ba, sai ya turo hoton fure.

Na buɗe manhajar da lambata ta Kamaru. Wayam. Ba hira, ba zaure, ba kowa, kamar sabon gidan haya. Na kira ƙanena na ce ya mayar da ni cikin zauren. Ya ce, "Yaya, ai admin ne kawai yake iya sa mutum. Ni kuwa ka ce sai na je Makka." Na ji muryarsa tana rawa don daɗi. Na ce to a buɗe sabon zaure kowa ya dawo. Ya ce, "Wa zai gaya wa Goggo ta fita daga zauren Makka? Inda take, nan kowa yake."

Sai na tuna. Gobe Juma'a. Da hantsi Goggo za ta aika da muryarta, da duk sirrin danginmu, wa ke neman haihuwa, wa mijinta ya juya mata baya, zuwa ga mai gashin baki. Sannan ta jira "Amin Goggo, ya iso." Ba zai zo ba. Za ta tambaya, ƙanwata kuwa ba za ta yi mata ƙarya ba. Goggo ba za ta tsaya bambanta an cire da an ƙwace ba. Lambar da ta ba ni amana ta tafi, ni kuma na zama iska.

Allah ya sa abokina ɗan Kuseri yana gari. Na same shi a bakin kogi wurin masu gasa kifi, na janye shi daga kan karfasa. Na ce, "Kai kana jin Larabci, kira mutumin nan ka roƙe shi. Ya mayar da ni zaure, in kuma saƙon tsohuwa ya zo gobe kada ya buɗe, ya turo mini."

Ya ce, "Ba ka ce ana kan shawara ba?"

"Don Allah ba yanzu ba."

Ya kira. Abin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Abokina yana Larabcin Cadi, mutumin yana Larabcin da ya tsinta a bakin shago, domin ashe shi ma baƙo ne a can, daga wata ƙasa ta gabas mai nisa ya zo neman abinci. Larabci biyu suka haɗu, babu wanda ya gane ɗan'uwansa. Abokina yana ɗaga murya yana nuna ni da hannu, kamar mutumin yana gani. Ni ina gefe ina jefa abin da na sani: "Hajji! Habibi! Miskin!" Abin da muka iya tsinta shi ne yana sayar da shayi a wani lungu kusa da Harami, jiya ya sayi layin, kuma tun jiya mutanen da bai sani ba suke ta gaishe shi. Da abokina ya zo kan maganar a turo mana wani abu, sai mutumin ya ce wata kalma da ko ni na gane, wato ɓarayi, ya kashe. Muka sake kira, ya ƙi ɗauka. Gaskiyarsa ne. Ni ma in wasu ƙarti biyu suka kira ni daga wata nahiya suna ihu, abin da zan ce ke nan.

Na kira ƙanwata na gaya mata komai, na ce ta ɓoye wayar gobe, ta ce wa Goggo babu caji. Ta ce, "Tun Laraba take sa a cika mata, tana ajiye ta ƙarƙashin filo."

Ranar Juma'a ban buɗe shago ba. Na zauna a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya da waya a hannu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Matata ta kawo kunu, na ce ba na sha. Ta ce lallai abin babba ne. Hantsi ya yi, ya wuce. Na fara tsara yadda zan rayu a matsayin iska, har ina tunanin in nemi bappa ya koya mini.

Wajen sha ɗaya wayar ta yi ƙara. Ƙanwata ce.

Ta ce, "Yaya, Goggo tana kuka."

Na ce, "Inna lillahi. Kin gaya mata?"

"Na gaya mata komai tun kafin ta aika. Na ce ba kai ba ne yanzu, wani mai shayi ne. Ta ce a ina yake, na ce a Makka. Ta ce in danna."

"Ta aika?"

"Har da shanu. Ga ta."

Na miƙe tsaye, ban san dalili ba. Na ji numfashin Goggo, na ji tana jan hanci. Sai ta ce wa ƙanwata, "Sa masa ya ji." Aka kunna wani saƙo kusa da wayar.

Kun san agogon can yana gaban namu. Hantsinmu shi ne lokacin Juma'arsu. Mutumin nan ya buɗe saƙo, ya ji muryar tsohuwa tana ta magana, bai gane ko kalma ɗaya ba sai sunan Allah da yake ta dawowa. Sai ya fito ƙofar shagonsa, ya ɗaga wayar sama, ya ɗauko mata kiran sallar Harami tun daga farko har ƙarshe, da kukan tattabaru da takun mutane suna wucewa. A ƙarshe ya kawo bakinsa kusa ya ce, "Amin, Mama. Amin."



Goggo ta karɓi wayar. Na ce, "Goggo, ki yafe mini, wallahi ba ni na cire ba, ƙwace..."

Ta ce, "Yi mini shiru. Tun yaushe nake aika muryata, me kake mayar mini? Amin Goggo ya iso, babura suna ihu a bayanka, wani lokaci ma da abinci a bakinka. Na gaya maka tana zuwa Makka, ka zo har gida kana yi mini zane a ƙasa. Ashe tana son zuwa, kai ne ka tare mata hanya."

Na ce, "Haka ne, Goggo."

"Da ka matsa tuntuni."

"Goggo, ai ke kika ce kada in cire!"

"Da ka cire da ta je wurin wannan yaron? Allah ya yi maka albarka da ka ji maganata. Ka ci abinci?"

Har yau ban gane ko na yi laifi ne ko na yi daidai ba. Na dai san an sa mini albarka, kuma na shanye kunun nan har da na matata.

Komawata zaure ma sai da ta zama aiki. Mai shayi ya ƙi yarda da ni da abokina, ya riƙe mu a matsayin ɓarayi. Sai da ƙanwata ta ɗauki hoton Goggo riƙe da hotona tana nuna ni da yatsa, sannan ya gane ni ɗan gida ne ya shigar da ni. Dangi suka yi mini maraba kamar sabon ango, wasu har da tambayar tsaraba. Bayan 'yan kwanaki mutumin ya ga hotunan mata da yara sun yi yawa, ya ji kunya, ya turo fure ya fita da kansa. Amma kafin ya fita ya ga ya kamata ya bar makulli a hannun wani, ya duba ya danna wanda ya ga dama. Ƙanena. Wanda ko filin jirgi bai taɓa shiga ba. Yau in na yi dogon surutu a zaure, shi yake rubuta mini, "Yaya, a taƙaita."

Goggo kuwa ba ta fasa ba. Duk Juma'a da hantsi tana aikawa, shi kuma yana mayar mata da abin da ya samu, wata rana kiran salla, wata rana hoton hasumiya, wata rana ruwan sama yana sauka a kan titi. Ba su taɓa fahimtar kalmar juna ba. Ta sa shi cikin jerin addu'arta, tsakanin ƙanena da shanu. Tana ce masa ɗana na Makka. Ni kuma na koma ɗana na Pumpumre, a faɗe shi da irin muryar da ake cewa ragowar tuwon jiya.

Da Allah ya karɓi ran Goggo, bayan an share makoki, ƙanwata ta ce mini mutumin yana ta turo alamar tambaya, Juma'a ta wuce bai ji Mama ba. Abokina ɗan Kuseri ya kira shi. Wannan karon babu ihu, kuma Larabcin nasu ya haɗu, don kalmomin da ake faɗa a irin wannan lokaci iri ɗaya ne a ko'ina. Mutumin ya ce in ya tashi daga aiki zai shiga ya yi mata addu'a a gaban Ɗaki.

In kun tambaye ni abin da na koya, zan ce in ka je ƙasar mutane ka sayi layi, ka canja lambarka tun kana filin jirgi, kafin wata tsohuwa ta ɗora mata zuciya. Kuma ka ba ƙanenka makulli da hannunka tun ana ganin girmanka. Har yanzu in na tuna hanyar Collire da dabinon da na ciyar da maƙwabcina, raina yana ɓaci, ba wasa ba.

Amma ga abin da ya fi ba ni haushi. Lambar nan da na yi ta fama in raba ta da wayata, na kai ƙara wurin malam, na yi zane a ƙasa, na kife gidana saboda ita, yau tana nan cikin wayar. Da yatsana na sake rubuta ta na adana. Duk Juma'a da hantsi nakan rufe ƙofar shago don kada ƙarar babura ta shiga, in tabbatar babu komai a bakina, in danna in fara. Sai na bi dangi kaf, har bappa, sannan in gangaro kan shanu.